Ba a ɗakin kwana ake binciken noma ba

Ɗaliban digiri na biyu da na uku daga Jami'ar Ahmadu Bello da ta Dutsin-Ma kan zaɓi yankin Funtua da Malumfashi don binciken masara ko auduga. Abin takaici, wasu kan raba takardar tambayoyi a kasuwa rana ɗaya, wasu ma su cike ta da kansu a ɗaki, su ce sun yi bincike.

Darasin na nan kusa. A shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa na Samaru sun daɗe suna bin manoman ƙauyukan Zariya, suna rubuta aikinsu da abin da suka girbe. A lokacin, masana da yawa na ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Alƙaluma suka nuna manomi na da hujja: haɗin na ƙara masa amfani, yana kuma rage asara idan damina ta gaza.

Saboda haka ɗalibi ya fara da abin da ke damun manomi, kamar tsutsar da ta addabi masara tun 2016. Ya auna gona da amfaninta da kansa, domin buhu ba nauyi ɗaya ba ne. Ya maimaita gwaji damina biyu. Ƙauyen da rashin tsaro ya hana shi shiga, ya faɗi hakan ƙarara, kada ya ƙirƙiro masa alƙaluma.

Da irin waɗannan kundaye ake ba manomi shawarar iri da taki. Idan alƙaluman ƙarya ne, rumbunsa ne zai tashi wayam.