Wadda Aka Mayar Gida Ba Ta Yi Abin Kunya Ba

'Yar'uwa mai juna biyu, idan watan haihuwarki ya kusa, wannan ɗan littafi naki ne. Kai ma maigida, da ke Inna uwar miji, ku matso a karanta da ku, domin akwai rabonku a ciki.

Na daɗe ina aikin ungozoma a nan Duwala. Bari in fara da labarin wata yarinya mai cikin fari daga unguwar Hausawa ta New Bell. Wata rana cikin watan Agusta, ana tsuga ruwa, lunguna duk sun cika, aka kawo ta da tsakar dare tana riƙe da mara. Muka duba ta, muka tarar bakin mahaifa a rufe yake, zuciyar ɗan kuma tana bugawa lafiya. Ta sha ruwa, ta kwanta, kafin asuba ciwon ya lafa. Muka ce ta koma gida, lokaci bai yi ba tukuna. A bakin ƙofa na ji uwar mijinta tana cewa, "Yaran yanzu sai raki! Kin sa an yi asarar kuɗin mota a banza."

Bayan kwana tara naƙuda ta gaske ta zo. Yarinyar ta tuna da waccan magana, ta ja bakinta ta yi shiru. Faya ta fashe da safe, ba ta gaya wa kowa ba. Ta wuni, ta kwana, sai washegari da yamma, da ta kasa tashi, aka ɗauko ta. Kan ɗan ya kasa wucewa. Aka yi mata aiki, ita ta rayu, ɗan kuwa bai zo da rai ba.

Tun daga ranar nan, matar da na fi jin tsoro a kanta ita ce wadda muka taɓa mayarwa gida. Ra'ayina shi ne, kowace mai ciki ta koyi bambanta naƙudar gwaji da ta gaske, amma in ta yi shakka ta zo a duba ta, ko sau nawa ne, kada kowa ya yi mata gori.

Mene ne naƙudar gwaji?

Mahaifa jaka ce ta tsoka mai ƙarfi. Tun daga tsakiyar ciki takan ɗaure ta saki lokaci lokaci, kamar tana gwada ƙarfinta kafin ranar aiki. Za ki ji cikin ya yi tauri kamar ƙwarya, can kuma ya yi laushi. A watannin ƙarshe abin yakan ƙaru, har ya zo da ciwo. Wani likitan Ingila mai suna John Braxton Hicks ya bayyana shi a shekarar 1872, shi ya sa za ki ji ma'aikatan asibiti suna kiran sunansa.

Wasu suna ce mata naƙudar ƙarya. Ba na son wannan suna, domin yana sa a ɗauka matar ce ta yi ƙarya. Ciwon da take ji ciwo ne na gaske, bakin mahaifa ne kawai bai fara buɗewa ba. Gajiya, da tsayuwa mai tsawo a kasuwa, da ƙishirwa a zafin Duwala, da riƙe fitsari, duk suna iya tayar da ita.

Ki riƙe agogo

Yanzu kusan kowane gida akwai waya, kowace waya kuma tana da agogo. Idan ciwo ya taso, ki duba lokacin da ya fara, ki sake dubawa lokacin da na gaba ya fara. Ki rubuta, ko ki sa wata ta rubuta miki. Ki yi haka har awa ɗaya.

Naƙudar gwaji ba ta da tsari. Yanzu ta zo bayan minti 10, ta gaba sai bayan minti 25, can kuma ta ɓace. Ƙarfinta ba ya ƙaruwa. Yawanci a gaban ciki ko a mara ake jin ta. Idan kika yi fitsari, kika sha ruwa kofi biyu, kika kwanta ta gefen hagu, ko kika yi wanka da ruwan ɗumi, takan lafa. In a kwance ta same ki, tashi ki ɗan zaga, sau da yawa sai ta tafi.

Naƙuda ta gaske tana da tsari, kuma gaba take yi kullum. Tazarar tana raguwa, daga minti 20 zuwa 15, zuwa 10, zuwa 5. Kowace murɗawa tana ƙara daɗewa, daga rabin minti har ta kai minti ɗaya. Sau da yawa daga baya take tasowa ta zagayo mara. Kwanciya ba ta tsayar da ita, shan ruwa ba ya tsayar da ita. Za ta kai inda ba ki iya magana sai ta sake ki. Kina iya ganin wani abu mai yauƙi kamar majina, da ɗan jini jini, ya fito ta gaba. Wannan shi ne abin da ya toshe bakin mahaifa. Wani lokaci yakan fito kwanaki kafin naƙuda.

Duk da haka, ki sani agogo mataimaki ne kawai. Abin da ke raba gardama shi ne buɗewar bakin mahaifa, wanda sai ya kai santimita 10 kafin ɗa ya fito. Ba a ganin wannan a fuska. Ni da na karɓi haihuwa ba adadi, ba na iya faɗa sai na sa safar hannu na duba. To, in ni ban iya ba, yaya wadda ke zaune a tsakar gida za ta iya?

Yaushe za ki tashi?

Idan cikin fari ne kuma asibiti na kusa, ki tashi sa'ad da ciwon ke zuwa duk bayan minti 5, ya kuma yi awa ɗaya a haka. Idan kin taɓa haihuwa, kada ki jira wannan, domin taki tana iya yin sauri. Da zarar ciwon ya kama tsari, kamar duk bayan minti 10, ki kama hanya.

Ki sa hanya cikin lissafinki. Mai zama a New Bell tana da asibitin gunduma a unguwarta, ga kuma asibitin Laquintinie a Akwa ba nisa. Amma wadda za ta haye gadar kogin Wuri daga Bonaberi, ko ta ratsa cunkoson Ndokoti da yamma, ta san tafiyar minti ashirin tana iya zama ta awa biyu. Ke kuma da ke ƙauye a hanyar Edea ko ta Nkongsamba, inda mota ba ta samuwa da dare, shawarata ita ce ki koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti tun watanki bai tsaya ba.

Alamun da ba a jira da su

In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye agogo, ki taho nan take, ko dare ko rana:

1. Faya ta fashe, ko ruwa yana ɗiga ta gaba, ko da babu ciwo. In ruwan kore ne ko ruwan ƙasa, ko yana wari, abin ya fi gaggawa.
2. Jini yana zuba.
3. Motsin ɗa ya ragu ko ya tsaya.
4. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi dishi, ko kumburin fuska da hannu. Waɗannan sukan riga jijjiga zuwa.
5. Zazzaɓi.
6. Ciki ya yi tauri da ciwo, ya ƙi saki ko kaɗan.
7. Ciwo mai tsari alhali ciki bai kai mako 37 ba, wato wajen wata takwas da rabi.
8. An taɓa yi miki aiki aka ciro ɗa, ko an gaya miki a wurin awo cewa 'yan biyu ne, ko ɗan bai juyo da kai ƙasa ba. Ke da ciwo ya fara, sai asibiti.

Kada kuma ki yarda a ba ki jiƙo ko a yi miki allura a gida wai don naƙuda ta yi sauri. Maganin da ke matsa mahaifa alhali ƙofa a rufe take yana iya fasa ta.

Na san abin da za a ce

Maigida, za ka ce kuɗi. Gaskiyarka, kuɗin tasi da dare ba kaɗan ba ne, ga ruwa, ga kuɗin dubawa. Amma ka auna shi da kuɗin aiki, da na jini, da na kwanaki a gadon asibiti. Ka auna shi da yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke jawowa idan kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara. Tun ciki yana wata bakwai ka ware kuɗin zuwa biyu, ka riƙe lambar direban da zai ɗauki waya da dare. Ka kuma ba da izini tun yanzu, a gaban mutanen gida, cewa in ba ka nan a tafi da ita ba sai an nemo ka ba.

Inna, za ki ce ku kun haifi takwas, kun haifi goma a ɗaki, ba wanda ya ji kukanku. Haka ne, kuma muna girmama ku. Amma ki tuna da sa'o'inki da suka shiga ɗakin nan ba su fito ba. Har yau abin bai ƙare ba. Binciken lafiya na ƙasar Kamaru na shekarar 2018 ya nuna mata sama da 400 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan an mayar da surukarki gida, ki ce mata, "Madalla da kika faɗa, in ya sake tasowa ki tashe ni." Wannan magana kaɗai tana iya ceton jikanki.

Ke kuma 'yar'uwa, za ki ce kunya, musamman a cikin fari. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zaɓi mace ɗaya a gidan, ko maƙwabciya, ko wata a majami'arku ko a islamiyyarku, wadda za ki iya gaya wa kome ba nauyin baki.

Mu ma ma'aikata muna da namu laifin. Wani lokaci aiki ya yi yawa, sai mu ce "koma gida" kawai ba tare da bayani ba. Saboda haka kada ki fita sai kin tambaya: "Bakin mahaifa ya buɗe? Ɗan yana lafiya? Me zan gani in dawo?" Haƙƙinki ne a ba ki amsa da harshen da kike ji.

Ki haɗa jakarki tun yanzu, ki sa katin awo a sama. Ki ci gaba da zuwa awo har ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun shekarar 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma yawancinsu a watannin ƙarshe ne. In kin zo muka ce lokaci bai yi ba, ki koma da kwanciyar rai, kin san ɗanki yana lafiya. In ciwon ya dawo a daren nan ma, ki dawo, za mu sake duba ki.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa.