MOTA TA ƘI TASHI DA ASUBA? A SAURARI KUKANTA TUKUNA



Hunturu ya kama, ƙorafin kowace shekara kuma ya dawo. Mutum ya yi sammako zai tafi saro kasuwar Openshaw ko ta Witton, ya murɗa makulli, tsohuwar Transit ta yi biris da shi. Kafin ta tashi gari ya waye, kayan kirki sun ƙare. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, waɗansu sai su yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, sa'an nan su shiga sayen kayan gyara barkatai.

Kakanninmu fatake da su ka bi hanyar Gwanja ba su dukan jaki sai sun duba abin da ya kwantar da shi. To, mota ma kuka uku ta ke yi, kowanne da cutarsa.

Na fari, in ka ji ƙas-ƙas, ko inji yana juyawa da ƙyar, fitilu suna dushewa, batir ne. Ranar da ruwa ya daskare, batir ya kan rasa wajen sulusin ƙarfinsa, ga baƙin mai ya yi kauri. Duba kawunan batir, in sun yi farin gari a kankare, a ɗaure tam. Sa'an nan a auna da mita: 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi ya tafi. In inji yana aiki lalle ne ya nuna wajen 14, in bai kai ba, altaneto ba ya caji, sabon batir ma haka zai mutu.

Na biyu, in inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, farin hayaƙi yana fita ta salansa, a tuhumi hita. Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi, zafin iskar da a ka matse ne ke kunna mai, hita kuwa ita ke taimakonsa da sanyi. Buɗe makulli, jira fitilarta ta mutu, maimaita, taka kuloci, kana ka tayar. Kada ka wuce daƙiƙa 10 kana murɗawa. Kada kuma ka fesa maganin nan na gwangwani mai tada inji, domin in ya haɗu da hita mai zafi ya kan yi wa inji ɓarna.

Na uku, in ta tashi ta mutu nan take, mai ne ba ya zuwa. Dizal ya kan yi kakin da ke toshe filta. A Ingila man hunturu a ke sayarwa daga 16 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, mai jure sanyi har digiri 15 ƙasa da sifiri, na bazara kuwa 5 kaɗai. Wanda ya ajiye mota ko jarka tun Agusta, man bazara ke gare shi. A sake filta, a sha sabon mai.

In za a ba ta wuta daga wata mota, jar waya kan alamar tarawa a batir biyun, baƙa kuwa daga batir mai rai zuwa ƙarfen injin matacciyar. In ta tashi kada a bar ta da makulli a koma ɗaki shan shayi. Ɓarayi sun san wannan lokaci, inshora kuwa ta kan ƙi biya.

Mutanen Bamingam, ku yi lissafi kafin gyara mai tsada. Tun watan Yuni 2021, yawancin ƙananan motocin kaya na dizal da a ka ƙera kafin 2016 suna biyan fam 8 kowace ranar da su ka shiga tsakiyar gari. Mancesta ba ta karɓar wannan kuɗi.

A auna batir a wannan mako, tun ƙanƙara ba ta sauko ba. Allah Ya ba da kasuwa, amin.