Ciwon Haƙori Da Aljihun Talaka

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani abu wanda ba a cika sa shi cikin manyan al'amura ba, watau haƙori. In an zauna zancen lafiya sai a ambaci zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da haihuwa, a bar haƙori a baya kamar kayan ado ne. Amma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutane wajen biliyan 3.5 su na fama da cututtukan baki da haƙora. A ganina, duk sa'ad da gwamnati ta janye hannunta daga biyan kuɗin gyaran haƙori don tsimi, ciwon ba ya raguwa. Jinkirta shi kaɗai a kan yi, har ya girma ya faɗa kan talaka da tsada.

Wannan gardama daɗaɗɗiya ce. A 1948 Ingila ta kafa tsarin asibiti kyauta ga kowa, har da gyaran haƙori. Shekara uku kacal, a 1951, gwamnati ta ga kuɗi ya yi yawa, ta sa a riƙa biyan wani abu don haƙoran roba da tabarau. Aneurin Bevan, wanda ya kafa tsarin, ya ajiye muƙaminsa na minista saboda wannan. A Amurka kuma, jihar Kalifoniya ta yanke yawancin taimakon gyaran haƙori ga manya matalauta a 2009. Mutane ba su daina ciwo ba, sai su ka riƙa zuwa sashen gaggawa na asibitoci, inda a ke ba su maganin rage zafi a sallame su da haƙorin nan a ruɓe. A 2014 jihar ta fara mayar da abin da ta yanke. Ku lura, ko'ina in za a rage kuɗin lafiya, haƙori ne a bakin wuƙa.

A Nijeriya ba wanda ya tashi rana ɗaya ya yi shela an yanke. Sannu sannu a ka yi shi. Tun daga 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, da a ka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, nauyin magani ya yi ta komawa kan majiyyaci. Kayan aikin haƙori kuwa, daga allurar kashe zafi har abin da a ke cike kogo da shi, yawanci daga ƙetare a ke sayo su. A 2001 shugabannin Afirka su ka taru a Abuja su ka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta kai ga wannan ba. An fara inshorar lafiya ta ƙasa a 2005, sai dai ma'aikatan gwamnati ne su ka fi cin moriyarta. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane ya ke fitowa.

To, ƙaƙa wannan ya shafi Laranto? Yawancin mutanenmu ba masu albashi ba ne. Masu sayar da katako ne da hatsi da gwanjo a kasuwar Katako, da 'yan dako, da masu keken haya, waɗanda abincin yau sai an fita yau. Sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata firamare ta unguwar, akwai wata yarinya a aji huɗu, mai ƙoƙari ƙwarai a lissafi, wadda ta yi kwana da kwanaki ta na zama da hannu a kumatu. Da na tambayi mahaifinta, ɗan dako ne, sai ya ce mini, "Malam, ba ƙi na yi ba. In na kai ta, akwai kuɗin mota, da kuɗin kati, da kuɗin aiki, ga wunin da zan rasa a kasuwa." Ya sa mata kanumfari, ya sayo ƙwayar rage zafi a kemis. Da kumatun ya kumbura ya tara mugunya, tilas a ka kai ta, a ka cire haƙorin. Tun da a ka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar nan kaɗai ya isa ya hana mutum tashi.

Ya kamata mu malamai mu san yadda abin ya ke tafiya. Yaro ya na da haƙora 20 na ƙuruciya, babba kuwa 32. Wajen shekara 6 wani babban haƙorin tauna ya kan fito can baya, ba tare da famfara ba. Iyaye da yawa su na zaton zai faɗi wani ya fito, alhali kuwa shi ke nan har tsufa. Sukarin alewa da lemon kwalba in ya zauna a baki, ƙwayoyin cuta su kan juya shi ya zama tsami mai cin haƙori. Da fari ɗan rami ne marar zafi, wanda a ke cikewa a zama ɗaya. In an bar shi ya kai ga jijiya, sai aiki mai tsada ko cirewa. In an ƙara bari, ƙurji ya kan bi muƙamuƙi zuwa wuya, har ya iya kisa. A 2007 wani yaro mai shekara 12 ya mutu sanadin ƙurjin haƙori a jihar Maryland ta Amurka, ƙasa mai arziki. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada, kuɗin kati kuwa shi ke tura talaka zuwa mataki na ƙarshe.

Wani zai ce, ai gwamnati ba ta da kuɗin kome da kome, gara ta fara da cututtukan da ke kashe mutane. Na yarda da rabin maganarsa. Ban ce a yi wa kowa haƙorin Makka kyauta ba. Amma duba baki, da wanke dattin haƙora, da cike ƙaramin rami, da cirewa cikin tsabta, su ne mafi araha a dukan aikin. Wanda ya ƙi biyan waɗannan zai biya kuɗin gadon asibiti daga baya. Kada kuma mu manta da cutar nan mai cin leɓe da kumatun ƙananan yara masu fama da yunwa, wadda likitoci ke kira noma. Daga ciwon dasashi ta ke farawa. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, a ƙarshen 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da a ka yi sakaci da su, bisa roƙon Nijeriya.

Jos ba ta rasa masana ba. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga kuma cibiyar nazarin lafiyar baki ta ƙasashen Afirka a cikin garin nan. Dokoki ma akwai su. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Jihar Filato ta kafa hukumar inshorarta, PLASCHEMA, a 2019, dokar 2022 kuwa ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne waɗannan su iso bakin ɗan dako.

Saboda haka ina roƙon hukuma abu uku. Na ɗaya, a tabbata aikin haƙori na farko ya na cikin abin da inshorar talakawa ke biya, a kuma faɗa wa mutane da Hausa a kasuwa da masallaci da coci. Na biyu, a sa ma'aikacin haƙori a ƙananan asibitocin unguwa, ko da sau ɗaya ne a mako. Na uku, a riƙa duba bakin 'yan firamare kowace shekara kyauta.

Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne a gaban aji. In mu na duba farce da gashi da safe, mu duba haƙora. Mu koya wa yara goge baki safe da dare, da buroshi da man goge baki, ko da asuwaki in shi ke akwai. In mun ga baƙin ɗigo a haƙorin yaro, mu aika wa iyayensa tun bai fara kuka ba, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya ba shugabanninmu kunnen ji.