Takardun tarihin Gwarzo da Kabo: Wa zai adana su kafin gara ta cinye?

A shekarar 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ƙaraye. A watan Mayun 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta rushe sababbin masarautun. An yi ta muhawara kan rawani da iyaka, amma ba a cika tambayar inda takardun mulkin waɗannan gundumomi suke kwana ba.

Wasiƙun hakimai, rajistar haraji da jangali, hukunce-hukuncen alƙalai kan gado da gonaki, da littattafan ajami da ke cikin gafakar malaman zaure a Getso da Garo, su ne shaidar da ake komawa gare ta idan rigimar fili ko ta sarauta ta taso. Wasu rahotannin zamanin Turawa suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya rage a gidaje kuwa yana fama da gara, ɗigar damina da rabon gado.

Yankin ba baƙo ba ne a wannan fage. Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo ya kammala digirinsa na uku a Landan a 1972 kan Shehu Maghili, malamin da ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki. Da magabata ba su adana rubuce-rubucen ba, da binciken bai yiwu ba.

Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta yake kan Titin Gwarzo, tana da sashen rubuce-rubucen hannu a ɗakin karatunta, don haka ita ta fi cancanta da wannan aiki. Sai dai magada suna tsoron bayar da littafin kaka ya tafi ke nan. Mafita ita ce jami'ar ta je har gida, ta ɗauki hoton kowane shafi, ta rubuta sunan mai shi, ta bar masa asalin da kwafi.

Ƙona dubban littattafai a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a 2013 ya girgiza duniya. Asarar da ake yi a Gwarzo da Kabo ba ta da hayaƙi, shi ya sa ba a lura da ita. Ya kamata ƙananan hukumomin biyu su fara ƙidayar abin da ke hannun jama'a kafin damina mai zuwa.