Ƙaramin Karen Turawa Ba Karen Farauta Ba Ne: Ku Daina Sa Shi Tsalle

Na san tun daga kan take wasu sun fara taɓe baki. Za a ce mutumin Sakajiki da Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wanda gonarsa ta gagare shi zuwa saboda 'yan bindiga, shi za a tara a yi wa lacca kan gwiwar kare? Na ji, kuma zan amsa. Amma ku bari in fara faɗin abin da ya kawo ni.

Wani yayi ya shigo mana daga manyan birane. Matasa masu ɗan hali suna sayo ƙananan karnukan nan masu gashi buya-buya daga Kaduna, Jos ko Abuja, irin su Lhasa Apso, Pomeranian da Chihuahua. Ba don gadi ba, ba don farauta ba, sai don a gani a ce wane ya waye. Daga nan sai wasa ya fara: a ɗaga nama sama a ce ya yi tsalle, a ɗora shi kan katanga ko bayan mota a ce ya diro, a sa shi tafiya da ƙafa biyu, ana ɗauka a waya ana sakawa a TikTok. Yara su ɗauke shi kamar 'yar tsana, in sun gaji su sake shi daga ƙirji ya faɗo kan siminti. Magana ɗaya nake da ita: wannan zalunci ne, ko da mai yin sa yana dariya.

Tushen kuskuren shi ne mun ɗauka kare duk kare ne. Karen da muka sani, wanda mafarautanmu ke shiga daji da shi, dogo ne siriri mai dogayen ƙafafu, an halicce shi don bin zomo da gada, yana tsallake kwazazzabo ya wuce abinsa. Shi kuwa Chihuahua nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba, tsayinsa a kafaɗa kamar santimita 20. Gadon ɗakinka ya ninka tsayinsa kusan sau uku. Ƙasusuwan ƙafafunsa na gaba ba su fi fensir kauri ba. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa irin waɗannan karnuka suna karyewa a ƙafar gaba, dab da wuyan ƙafa, daga dirowa kan kujera ko suɓucewa daga hannun mutum, kuma karayar wurin tana da wuyar haɗewa saboda jinin da ke isa can kaɗan ne.

Sai maganar gwiwa, wadda ita ce babbar lalurarsu. Ƙoƙon gwiwa yana zaune ne cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, yana hawa yana sauka in an lanƙwasa ƙafa. A da yawa daga cikin ƙananan karnukan nan kwarin ba ya da zurfi tun daga haihuwa, ko ƙafar ta ɗan karkace, sai ƙoƙon ya riƙa gocewa zuwa ciki. Alamarsa ba ta ɓuya: kare yana gudu sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya, ya yi taku uku ko huɗu da ƙafa uku, ya shura, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Mai shi ya ce yanga ce. Ba yanga ba ce, ƙashi ne ya fita ya koma. Likitoci sun kasa lalurar mataki 4. A na farko sai an tura ƙoƙon yake fita, kuma ya koma da kansa. A na biyu yana fita da kansa lokaci-lokaci. A na uku kusan kullum a waje yake, sai dai a mayar da hannu. A na huɗu ya fita ke nan, ba ya komawa sai da tiyata. Duk fita da komawa tana cinye guringuntsin gaɓar, ƙarshenta ciwon gaɓɓai ne na dindindin. Gado ne ke kawo lalurar, amma tsalle da dira kan tayil mai santsi da ƙiba su ke hanzarta ta.

Masu gajerun ƙafafu da dogon jiki kuma, irin su Lhasa Apso, Shih Tzu da Dachshund, nasu ciwon a ƙashin baya yake. Tsakanin kowace gaɓa ta ƙashin baya akwai ɗan matashi mai laushi. A waɗannan jinsuna yana bushewa da wuri, kuma dira ɗaya mara kyau tana iya fasa shi ya danne laka, ƙafafun baya su shanye. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

To idan abin ya faru, ina za ka kai shi? Nan ne masu yayin ba sa tunani. Tiyatar gwiwa ko ta ƙashin baya tana buƙatar hoton ƙashi, da maganin sa barci, da likitan da ya ƙware. Irin wannan aiki sai manyan wurare kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Daga Kaura zuwa Sakkwato ta Gusau ya haura kilomita 200, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. Wa zai yi wannan tafiya saboda kare? Abin da ke faruwa shi ne a kira maɗori ya ɗaure ƙafar da kara da tsumma, ko a shiga kemis a sayo ibuprofen ko diclofenac a ɗura masa. Waɗannan magunguna na mutane suna huda wa kare ciki, suna lalata masa ƙoda, a ɗan ƙaramin jiki kuwa kaɗan ma ya isa. In ya gurgunce, sai a kai shi bayan gari a yar. Karen da bai taɓa neman abinci da kansa ba, kwana nawa zai yi?

Laifin ba na masu saye ba ne kaɗai. Dillalan da ke tallar 'yan kwikwiyo a Facebook da WhatsApp suna haɗa uwa mai ɗingishi da uba mai ɗingishi, su sayar da 'ya'yan ba tare da sun ce uffan ba. Kafin ka biya, ka nemi ganin iyayen suna tafiya, ka nemi katin allurar rigakafin haukan kare. Wanda ya ƙi nuna maka, ka san abin da yake ɓoyewa.

Wanda ya riga ya ajiye, ga abin yi, kuma ba ya cin kuɗi. A daina ɗora shi kan gado da kujera, a yi masa makwanci a ƙasa. In dole sai ya hau, a jingina katako a lulluɓe da buhu ya riƙa hawa yana sauka a kai. A shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet inda tayil yake. A ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, a sauke shi har ƙasa. Yaro ƙarami ya zauna kafin a ba shi ya riƙe. A rage masa tuwo da ƙosai da kitse, domin rabin kilo a jikin mai kilo 3 kaya ne babba. A kiyaye shi sosai a shekararsa ta farko, lokacin da ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Da an ga ɗingishi, a kai shi wurin likitan dabbobi mafi kusa tun abin bai yi nisa ba.

Yanzu ga amsar masu cewa mutane na mutuwa. Gaskiya ne, kuma ita ce ma hujjata. A garin da marayu da 'yan gudun hijira suka cika, me ya kai ka zuba dubban nairori kan dabbar da ba ta gadi, ba ta kiwo, ba ta farauta? Malamanmu sun karantar da mu cewa hadisi ya yi rangwamen ajiye kare ne don farauta ko tsaron dabbobi ko gona. Shawarata ta farko ke nan: kada ka saya. Amma in ka saya, ya zama amana a wuyanka. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, bai bar mana ƙofar cewa ai dabba ce ba. Kuma yaron da ya tashi yana ganin ana wurgi da mai rai ana shewa, me muke koya masa? Zamfara ta ga iyakar abin da bushewar zuciya ke haifarwa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya kula da ƙafar ƙaramin kare ba, ya bar shi inda ya gan shi. Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya.