DUKIYAR JAMA'A TANA SON HISABI TUN A DUNIYA

 Wannan magana ce zuwa ga malamai da attajirai na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, a kan kuɗin da jama'a ke tarawa a hannun mutum guda domin amfanin kowa.

Yau da wuya a sami gari a gefen gulbin Rima wanda ba shi da asusun jama'a. Akwai na masu noman rani, akwai na 'yan unguwa da suka haɗa hannu suka gina rijiyar burtsatse, akwai na masu sayar da albasa da tafarnuwa, ga kuma na masallaci da maƙabarta. Tara kuɗin ba ya wuya, gama mutanen ƙasar nan ba marowata ba ne. Wuyar tana zuwa ran da inji ya tsaya, aka je wurin ma'aji, ya ce babu ko anini. Ba mai iya tambayarsa a fili, don dattijo ne, ko kuwa surukin mai gari ne. Sai a watse, a koma zauruka ana cin namansa. Baɗi in an zo karɓa, rabin mutane su hana. Da haka ƙungiya ke mutuwa, ba wanda ya tabbata an ci ko ba a ci ba.

Sau da yawa kuwa ba a ci ba. Kuɗin sun zube ne kaɗan kaɗan: an yi baƙi an yanka musu rago, wani ya ranci na taki bai mayar ba, an biya wa wakilai mota zuwa Sakkwato sau uku. Kowane ɗaya da hujjarsa, amma ba a rubuta ba, ba a kuma keɓe kome ba domin ranar ɓarna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'ar da ta ba mutum kuɗi ba littafi, ita ta buɗe ƙofar zato da hannunta.

Abin ya fi nauyi ga masu noman rani. An gama ginin madatsar Goronyo a 1984, aka buɗe ta a 1992, ruwanta kuwa shi ke shayar da gonakin tsakiyar kwarin Rima. A 2014 Bankin Duniya ya yarda da wani shiri na gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, na Rima yana ciki. Wani ginshiƙi na shirin shi ne manoma su kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙa karɓar kuɗin ruwa, su kuma kula da ƙananan magudanai da kansu. Watau magudanar ta zama kamar gidan gado wanda 'yan'uwa da yawa ke zaune ciki. In soron ya tsage, ba mai zuwa daga Abuja ya yaɓe shi.

To, a nan ne ake kuskuren lissafi. Ana yanka wa kowa kuɗi gwargwadon abin da za a kashe a shekarar kaɗai, watau mai da yashe magudana da ladan mai tsaron ƙofar ruwa. An manta ƙofar ruwan kanta tana tsatsa, sumunti yana rarakewa, inji yana tsufa. Wannan tsufa bashi ne da ke hauhawa kowace rana ko ba a gan shi ba. Ga misali: in inji zai yi shekara 5 kafin ya mutu, wajibi ne kowace shekara a keɓe kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabo, a sa shi wuri dabam, kada a taɓa shi don biki ko rance. Wanda ya sha ruwan injin shekara 4 bai zuba kome a wannan ajiya ba, sa'an nan ya sayar da gonarsa, ya bar wa mai saye da maƙwabtansa biyan abin da shi ya ci. Malamai su duba, su faɗi sunan wannan a shari'a.

Ba a kuwa bukatar a tuna wa mutanen Rima cewa shekaru ba daidai suke ba. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kamar kashi ɗaya cikin goma, birnin Sakkwato ma ya shiga fargaban ƙishirwa. Duk almajirin da ya kai Suratu Yusufa ya san shawarar da aka ba sarkin Masar game da shekarun wadata da na fari.

Kada a ce wannan ciwo na talakawa ne kaɗai. A Amurka, masu ɗakuna cikin bene guda sukan kafa ƙungiya, kowa yana biyan kuɗin wata domin gyaran abin da suka yi tarayya a kai. A garin Surfside na jihar Fulorida, wani injiniya ya rubuta wa irin wannan ƙungiya a 2018 cewa sumuntin ƙasan benensu ya lalace ƙwarai. Gyaran ya tasam ma dala miliyan 15, abin da ke cikin ajiyarsu kuwa bai kai ko kusa ba. Aka yi ta jayayya a kan wa zai biya nawa. Ranar 24 ga Yuni 2021, da tsakar dare, wani sashe na benen ya rufta, mutum 98 suka mutu. A 2022 jihar ta yi doka mai tilasta wa irin waɗannan ƙungiyoyi duba lafiyar gini da tara kuɗin gyaransa, ta kuma hana su yin ƙuri'ar yafe wa kansu wannan ajiya. Dā suna iya haɗuwa su ce bana an ɗage, kamar yadda ake yi a zaurukan nan in an ga mutane sun ɓata fuska.

Ajiya kuwa ba ta tsayawa sai da bincike, a nan ne fa kunya ke shigowa. Mutane suna ɗauka cewa neman lissafi daga dattijo cin mutunci ne. Wannan al'ada ce, addini bai zo da ita ba. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi sa'ad da ya komo daga karɓar zakka, ya kuma tsawata a kan abin da ya ware ya kira kyauta. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ran da ya naɗa shi, domin a gwada da abin da ya mallaka daga baya. Waɗannan sahabbai ne aka bincika. Wane ma'aji ne a Achida ko Gandi ya fi su girma?

Ko a zamanin En'e, wanda dattawa suka riska, baitulmalin Sakkwato yana da Ma'aji da littattafai da rasit, odita kuma yana zuwa ya ƙirga. Rarar kuɗi ana ajiye ta, har akan aika da wani sashe Ingila a juya. Ana iya sukar wannan zamani a kan abubuwa da yawa, haraji da jangali suna ciki, amma ba a ji Ma'aji ya ce an ci zarafinsa don an buɗe littafinsa ba. Hasali ma bincike garkuwa ne ga mai gaskiya. Ma'ajin da aka ƙirga kuɗinsa gaban jama'a aka same su cif, ya kwana lafiya, 'ya'yansa ba za su gāji zargi ba.

Saura a ce wa zai bincika. Kada ya zama ɗan kwamiti, kada ya zama ɗan'uwan ma'aji ko abokin cinikinsa. A ɗauko mutum biyu daga waje: malami wanda ya iya rabon gado, gama wanda ya iya fitar da sudusi da sumuni lissafin mai da taki ba zai gagare shi ba, da kuma ɗan kasuwa wanda ya san farashin kaya, don kada a rubuta buhun sumunti da kuɗin buhu biyu. Littafin kuma a rubuta shi da harafin da masu kuɗin ke iya karantawa. Manomi da yawa a Wurno ba ya karanta boko, amma a ba shi ajami ya karanta tiryan-tiryan. Lissafin da aka rubuta da Turanci aka kulle a akwati, sunansa kawai lissafi.

Game da wurin ajiya, ɗakin ma'aji ya daina zama mafaka. 'Yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, gidan da aka san da kuɗin jama'a kuwa an sa mai shi cikin haɗari. Canjin takardun naira na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya kuma nuna abin da ke samun kuɗin da aka binne. Mai ƙyamar riba yana da mafita, gama tun 2012 akwai bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa a Nijeriya. A buɗe asusu biyu, na yau da kullum da na ajiya, kada a fitar da kome daga na ajiya sai da hannun mutum uku. Amma tun da tsadar kaya tana cin takarda, har ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, hikima ce a mai da wani sashe na ajiyar ya zama kayan gyaran inji ko buhunan shanshera, a rubuta adadinsu, masu bincike su ƙirga su da hannu kamar yadda za su ƙirga kuɗi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zama shi ne bayan an kwashe amfanin rani, kafin ruwan farko ya sauka, sa'ad da kowa ke gari kuma da abin biya a hannunsa. A karanta shiga da fita da babbar murya a ƙofar mai gari, a faɗi abin da ke cikin ajiya, a faɗi sunan abin da ake tsammanin zai fara lalacewa da kuɗin gyaransa, kāna a yanka na baɗi.