ALƘASSU: MAI BIN SAWU KO MAI TATSUNIYA?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai wata tsohuwar kalma da magabata ke kiran mai wa'azi da ita, wadda ba ta shiga bakinmu ba, alhali kuwa mai sunan yana nan daram a kasuwanninmu da masallatanmu. Kalmar ita ce alƙassu, jam'inta alƙussasu. Daga tushenta muka sami ƙissa a Hausa (ba kissa irin ta mata ba, ko da yake wasu masu ƙissar ba su rasa ta). Asalin ma'anarta a Larabci bin sawu. Da wannan ma'ana ta zo a Suratul Kahfi, inda Annabi Musa (A.S.) da yaronsa suka juya suna bin sawunsu, haka kuma a Suratul Ƙasas, inda mahaifiyarsa ta umurci 'yar'uwarsa ta bi bayansa. Ashe ke nan alƙassu shi ne mai bin labari taki bayan taki har inda ya fito, ba ƙari ba ragi.

Da fari sunan ba abin kunya ba ne. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ba a yin irin wannan zama a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) da na Abubakar, Tamimud Dari (R.A.) ne ya fara, bayan ya nemi izinin Sayyidina Umar. A lura, sahabi ne guda, amma sai da ya nemi izini. Ubaidu bin Umairu kuwa, babban tabi'i, da laƙabin alƙassun mutanen Makka aka san shi.

Sai daga baya, da majalisi ya zama hanyar samun kyauta, masu sana'ar suka gane cewa jama'a sun fi taruwa a kan abin al'ajabi. Suka dinga kwaso Isra'iliyyat, suna ƙaga hadisan da ke ba da ladar Annabawa a kan ɗan ƙaramin aiki, har sunan ya lalace. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 Hijiriyya, shi kansa mashahurin mai wa'azi ne a Bagadaza, ya rubuta Kitabul Ƙussasi wal Muzakkirin domin ware tsaki da tsakuwa. Imamus Suyuɗi (ya rasu a 911, daidai da 1505), wanda muke jan Jalalaini ɗinsa duk azumi, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta Tahzirul Khawas bayan ya ƙaryata hadisin wani alƙassu, jama'ar gari suka yi masa ca.

Akwai labarin da ya shahara, wai Imamu Ahmad da Yahaya bin Ma'in sun ji wani yana ruwaito ƙarya daga gare su a masallacin Rusafa, da suka tuhume shi sai ya ce ai Ahmad bin Hambal goma sha bakwai ya ɗauki hadisi a wurinsu. Labari ne mai daɗi, kuma daga kan mumbarin Ahlus Sunna ake yawan jin sa. To, Imamuz Zahabi ya ce bai inganta ba. Wanda ya tashi yaƙar masu tatsuniya da tatsuniya, ina ribar?

Wannan shi ya kawo mu gida. Daga wa'azin turmi aka koma kaset, daga kaset aka koma waya, amma hajar ba ta canza ba. Wasiyyar nan ta ƙarya da ake jingina wa wani Shehu Ahmad, wai mai hidimar kabarin Annabi (S.A.W.), wadda Sheikh Bin Baz ya yi wa raddi tun kafin rasuwarsa a 1999, da can takarda ce ake rabawa a tasha, yau tura ta ake yi. Wasu za su ce, ai ko ƙarya ce tana sa mutane tuba. Wannan hujja ba sabuwa ba ce, 'yan Karramiyya sun rigaye su da ita, suna cewa wai don Annabi suke ƙaryar, ba a kansa ba. Hadisi mutawatiri da ya yi wa mai yi wa Annabi ƙarya da gangan alkawarin wuta bai keɓe mai kyakkyawar niyya ba.

Ba muna cewa a daina ƙissa a wa'azi ba ne, Alƙur'ani cike yake da ita. Kiranmu ga kwamitocin masallatanmu da masu tura matasa wa'azin ƙauye shi ne, kafin a miƙa wa mutum lasifika a zaunar da shi, ya faɗi ƙissoshin da zai kawo, a tambaye shi littafin da ya gan su da abin da malaman hadisi suka ce a kansu. Wanda ya ce a kaset ya ji, ko da kaset ɗin na malaminmu ne, a mayar da shi zaure ya ci gaba da ɗaukar karatu.